Saniyar Mai Taɓo

Ran nan da hantsi ina zaune gindin darbejiyar tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, rediyo na gefena yana ta surutunsa, sai na ji mai shirin ya ce yau za su tuna da manyan mutanen da ajali ya riska a birnin Sakkwato, 'yan siyasa da makaɗa da masu wasan kwaikwayo. Na ture faifan gyaɗa na ƙara murya. Ya yi ta jero su, wane ya riƙe muƙami kaza, wane ya yi tashe da kalangu, wance ta yi zamani da murya, Allah ya ji ƙansu baki ɗaya. Wasu na san su ido da ido, wasu na taɓa cin tuwon taronsu. Na kasa kunne har ya kai ƙarshe ya sa kiɗan rufewa, ban ji sunan mutum biyun da nake jira ba. Ban yi fushi ba, wallahi. Daga jin muryarsa yaron kirki ne, abin da aka rubuta masa ya karanta. Amma na ce to, tunda haƙora ne kawai suka gudu suka bar ni, harshe yana nan, bari ni in faɗi nasu.

A Danchadi na tashi, lokacin da za ka rufe ido ka san ko wane lokaci ne da kunne kawai. Da safe luguden taɓare ke fara tashi daga gida zuwa gida, kowace mace da irin hannunta, har kana iya cewa yau wance ba ta da lafiya don dakanta ya yi sanyi. Can fadama kuma jigo na kuka, guga na sauka rijiya yana hawa, ana ba albasa ruwa kwami bayan kwami. Hantsi ya yi, sai kiran matan Fulani masu nono, da takun jakuna ɗauke da buhuna za su kasuwar Boɗinga. Mu 'yan mata mu ne ɗiban ruwa, mu ne surfe, mu ne kai abinci gona, kuma babu aikin da muke yi baki rufe, kowanne da waƙarsa. Yanzu injin ban ruwa ya kashe jigo, injin niƙa ya kashe lugude, kowa ya sunkuyar da kai yana magana da waya. Ba kuka nake ba fa. Gwiwoyin nan nawa kullum godiya suke wa mai famfo, kuma wanda ya ce miki ɗaukar tulu daɗi ne, ki tambaye shi ko ya taɓa ɗauka. Abin da na rasa kawai shi ne sautin. Ko waƙar siyasa ta yanzu, mota ce ke wucewa da lasifika tana ɓarin kunne, wani yaro ya rera ta a ɗaki can birni, watakila bai taɓa ganin ɗan takarar ba. A zamaninmu mai waƙa a gabanka take zama, ta dube ka, ta faɗa maka.

Aurena na fari bai daɗe ba, na dawo gidanmu ina zawarci, a nan ne Inno ta ji muryata a wani suna ta ce a ba ta ni. Inno mai kiɗan ƙwarya ce daga Boɗinga, gajeriya, baƙa, baki ja wur da goro, idan ta harare ka sai ka tuna laifin da ka yi bara. Mu shida ne 'yan amshinta. Ƙwarya uku ake kifewa, babbar a kan ruwa cikin kwatarniya, ita ke ba da amon nan mai shiga ciki. Biki, suna, walimar mahajjata, daga Boɗinga har ƙauyukan Shagari babu inda ba mu taka ba. Da aka buɗe siyasa aka ce mata ma za su jefa ƙuri'a, sai kasuwarmu ta ƙara buɗewa, don ɗan takara ba ya shiga cikin gida, mu kuwa har ƙuryar ɗaki. Inno ta ɗauki jam'iyya guda, ta yi wa mutanenta yabo, ta yi wa abokan hamayya zambo mai sa mutum ya kasa fita kasuwa. Sai dai tana da ƙa'ida guda wadda take alfahari da ita fiye da zinaren kunnenta. Takan ce mana, “Ni ban waƙar ji-ta-ji-ta. Abin da ɗayanku tag gani da idonta shi nika sa ma gishiri. Zagi na iya, amma ban yi ma ɗan kowa ƙarya.” Saboda haka ne ake tsoron ta, don kowa ya san in Inno ta rera abu, to an yi shi.

A ɗaya ɓangaren akwai wani malamin makaranta daga wajen Shagari da ya tsaya takara. Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, jikokinsa na nan da ransu. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum cikin farar riga kamar ba a ƙasa yake tafiya ba. Inno ta yi wata biyu tana neman abin da za ta kama shi da shi ta rasa. Ba ya shaye-shaye, ba ya zagi, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Har takan yi tsaki ta ce mutumin nan ya hana ta cin abinci.

Wata rana bayan ɗaukewar ruwa, ina ɗauke da kwandon irin albasa zan kai wa babana dashe, na iso inda hanya ta ratsa bakin fadama, sai na ji kururuwa. Wata tsohuwar Bafulatana ce ta ɗora hannu a ka, saniyarta ta nutse a taɓo har ciki, tana ta fisge-fisge tana ƙara nutsewa. Babu namiji ko ɗaya kusa. Sai ga wata tsohuwar fijo ta taho, ta wuce, ta tsaya, ta dawo da baya. Malamin nan ne za shi taro Boɗinga. Na tsaya gindin gawo ina kallo. Ya tuɓe takalmi, bai ko tsaya cire riga ba, ya shiga. Direbansa ya jefa masa igiya, ya ɗaura wa saniyar a ƙaho, ya koma bayanta yana turawa, direba da tsohuwa na ja. Sun daɗe suna fama. Da saniyar ta yi wani yunƙuri ta fita, sai shi ya tafi rub da ciki, hularsa ta faɗa ruwa tana yawo. Ya tashi baƙi ƙirin, ido kawai ake gani. Tsohuwa na sa masa albarka da Fulatanci, shi kuwa dariya ma yake yi. Haka ya shiga mota ya tafi taronsa a makare, da taɓo har kunne.

Ban ko tsaya taya babana dashe ba, na ajiye kwando na kama hanyar gidan Inno. Na tarar da su zaune ana gyaran ƙwarya. Na ce na ga farar riga cikin taɓo, hula na iyo. Mata suka fashe da shewa. Inno ba ta yi dariya ba, ta dube ni ta ce, “Mi yak kai shi ciki?”

Ni ce ƙarama cikinsu, ni ce ta ƙarshen layi, ba a taɓa yin waƙa da labarina ba. Ga mata biyar sun zubo mini ido bakinsu a buɗe suna jiran abin dariya. Na ji bakina ya ce, “Saniya tak kore shi, Inno.”

“Ke kinka gani?”

“Da idona.”

Kafin la'asar waƙa ta haɗu.

Mai son kujera ya ga saniya,
Ya bar takalmi, ya bar jama'a,
Taɓo ya ce mai sannu da zuwa,
Hula na iyo, mai hula na kuka.

Mu kuma mu amsa, “Mai Taɓo, je ka wanke riga.”

Kai, waƙar nan ta yi gudu! Cikin mako guda ana daka da ita a Mandera, makiyaya na rera ta a dajin Horo Birni, yara na bin motarsa da ita. Mutanen Boɗinga sun gan shi da taɓo ranar taro, ga shi kuma Inno ce ta faɗa, to wa zai yi musu? Direbansa ya yi ta rantsuwa a tasha, aka ce ai dole ya kare maigidansa. Bafulatana ta bi shanunta ta yi gaba. Shi kuwa bai taɓa cewa uffan ba. Aka yi zaɓe ya faɗi, mata suka ce ba su ba matsoracin saniya ƙuri'a. Ni kuma na koma kusa da Inno a layi, aka saya mini sabon zane. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun daga ranar, duk sanda muka zo amshin nan, nakan tuna ƙaryar da na yi.

Shekaru suka tafi. Na yi aure na biyu, mai albarka, na ajiye amshi na kama renon ɗiya. Malamin nan bai bar siyasa ba. Daga baya ya samu kujera ƙarama, ya haƙa rijiyoyi a ƙauyukan Shagari, kuma shi ya tsaya aka yi kwalbati a daidai wurin nan na bakin fadama, inda shanu ke bi yau ƙafarsu a bushe. Amma ko a bakin masu sonsa sunansa Mai Taɓo. Da girma ya kama shi ya koma Sakkwato. Inno ma da ƙafa ta ƙi, ɗanta ya ɗauke ta zuwa can. Na lura haka abin yake ga duk wanda ya yi suna a ƙasarmu. Ƙauye ya haife shi, ƙauye ya yi masa tafi, in ƙarfi ya ƙare ɗiya su kai shi kusa da asibiti, can zai cika, can za a rufe shi cikin baƙi. Shi ya sa jerin mai rediyo ya yi tsawo.

Da na ji jikin Inno ya yi tsanani, na dama fura na shiga mota na tafi duba ta. Na same ta kwance ta zama 'yar mitsitsiya, amma idon nan yana nan. Muka yi hira, muka tuna mutane, muka yi dariya har tari ya sarƙe ta. Can sai ta ce, “Ɗiyata, ni na shirya. Na aika ma duk wanda niz zaga, na roƙi gahwara. Abu guda ka sanyaya mani rai, in na tsaya gaban Ubangiji, ban taɓa yi ma bawanai ƙarya ba.”

Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Matar nan za ta tafi kabari tana dogara da abin da ni na rushe tun ina da ƙuruciya, ba ta sani ba. In na yi shiru ta mutu da daɗin rai, amma da haƙƙin mutum a wuyanta, wanda ni na rataya mata. In na faɗa, na ɓata mata kwanakin da suka rage. Na dubi ƙwaryar furar da na kawo, na dubi ƙofa. Sai na durƙusa bakin gado na faɗa mata duka, tun daga kururuwar tsohuwa har igiyar direba.

Ta kafa mini idon nan. Sannan ta ce, “Ja'ira. Shekara nawa ina ci da ke ƙwarya guda.” Na fara kuka. Ta ce, “Rihe mani baki, kukanki na wanke Mai Taɓo? Shina da rai?” Na ce an ce yana nan, shi ma ba lafiya. Ta ce, “Miƙo mayahina.”

Ɗanta ya yi magiya, ya ce likita ya hana ta motsi, ya ce shi zai je a madadinta. Ta ce da bakinta ta ɓata, da bakinta za ta gyara, in kuma ya hana ta to ya san inda zai kai nonon da ya sha. Washegari da safe muka cicciɓe ta muka sa a mota. Mun san unguwar amma ba mu san gidan ba. Muka tambayi mai shago da sunansa na gaskiya, har da Alhaji a gaba, ya ce bai san shi ba. Muka tambayi mai faci, ya girgiza kai. Inno ta leƙo ta taga ta ce, “Gidan Mai Taɓo muka biɗa.” Nan take mutum uku suka nuna mana da hannu. Na ga Inno ta rufe ido.

Muka same shi a zaure kan tabarma, ya jingina da bango, farar riga dai har yau, ido ya yi hazo. Babu kowa wurinsa sai buta da carbi, mutumin da dā ake cika masa ƙofa. Aka zaunar da Inno. Ta ce, “Salamu alaikum, Alhaji, ranka shi daɗe.”

Ya ɗaga kai ya yi murmushi. “Muryar ga ko cikin kabari na san ta. Inno, ke ta? Lale, lale. Yau kuma mi niy yi?”

Ta ce, “Ba kai kay yi ba, mu munka yi. Ga ta nan, ta hwaɗi da bakinta.”

Na faɗa. Ban rage komai ba. Da na gama sai ya ce, “Ke ta mai kwando gindin gawo.” Na ɗago a firgice. Ya ce, “Na gane ki tun rannan. Kuma na gane ki bayan Inno kina amshi.”

Na ce, “To don mi ba ka tona ni ba, ranka shi daɗe?”

Ya ce, “In tsaya kasuwa ina gardama da zawara kan saniya? Wa za ya yarda? Kuma da an yarda, Inno ta kore ki, ke kau da amshin ga kika ci.” Ya ja carbi kaɗan. “Amma kada ki ɗauka bai yi ciwo ba. Kujera ba komi ba ta, ta zo daga baya ta wuce. Uwata ta, har ta rasu ba ta koma zuwa biki ba, don kada a rera ta gabanta. Wannan shi nir riƙe. Inno na yahe mata tun tuni, don na san ba ta ƙarya, ba ta anka yi. Ke nika jira. Na ce in ɗiyar ga tana da alheri, wata rana za ta zo da ƙahwarta. Kin daɗe, amma kin zo. Na yahe, duniya da lahira.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin sauƙi irin nata ba. Na kife kai a tabarma ina kuka, wannan karon Inno ba ta hana ni ba.

A al'adar masu waƙa, in ka yi wa mutum zambo kuka shirya, sai ka wanke shi da sabuwar waƙar yabo a gaban jama'a. Inno ta ce masa ba ta da ƙarfin taro yanzu, amma za ta yi masa tasa ko a nan ne, ta cire masa sunan nan. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, “A'a, sunan ku bar mani, da shi anka san ƙohwata. Abu guda nika so. Waƙarku ba ta hwaɗi abin da yas samu saniyar ba. Ku ce ta hita.”

Ƙwaryar furar da na kawo wa Inno tana mota, ba ta iya sha ba. Aka ɗauko aka juye masa a kwano, ta kife ƙwaryar a cinyarta. Yatsun nan da suka kanannaɗe suka fara bugawa a hankali, muryar ta fito siririya, amma ba ta kauce ko kaɗan ba.

Mai son jama'a ya ga saniya,
Ya tuɓe takalmi ya bi ta ciki,
Hula na iyo, mai hula na tura,
Saniya ta hita, tsohuwa na murna.

Ta harare ni irin hararar dā. Na share ido na amsa, “Mai Taɓo, Allah shi biya ka.” Sau uku muka maimaita, yana kaɗa kai yana taya mu amshin da kansa.

Kafin damina ta faɗi ya rasu, a nan Sakkwato. Inno ta bi shi ba da daɗewa ba, kuma ɗanta ya ce mini maƙabarta ɗaya aka kai su. Ta tafi hankalinta kwance, har ta aiko mini da ƙwaryar nan, tana rataye a ɗakina. Ni kuwa alhamdu lillahi, na ga jikoki, na ga 'ya'yan jikoki, ina cin tuwona ina barcina, babu wanda nake ɓoye wa ido. Sai dai sabon baitin mu uku muka rera shi, biyu sun tafi, tsohon kuwa har yau bai mutu ba. Ko shekaranjiya na ji 'yan mata a bakin famfo suna tafa hannu da shi, ba su san wane ne Mai Taɓo ba, ba su san Inno ba, suna ta aika shi wankin riga. Na dogara sandata na fita. Suka ce ga tsohuwar nan ta sake fitowa, don sun saba. Na ce su yi dariyarsu su gama, sannan su matso in koya musu yadda take.

“Ba korar shi ta yi ba,” na ce musu. “Ina wurin. Shi ya fid da ita.”